Tafin Hannun da Ke Karanta Taya

Da yawanmu, har da masu takardu irina, ba ma bambance balansin da alaimen a gyaran ƙafar mota. Wanda ya fara zuwa baki shi muke faɗa, mu miƙa wa mai gyara mukullin mota. Mutumin da ya raba mini su ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga wata, bayan la'asar. Na Allah ne mu, gare Shi makomarmu take.

Baba Mai Taya, ba ka taɓa zama a aji ba, amma ni malamin makaranta a rumfarka na yi karatu.

Ba na manta safiyar da na kawo bas ɗin makarantarmu, da ɗalibai goma sha takwas, za mu wani gari jarrabawa. Motar tana ja dama. Na sauko ina duban agogo, na ce a yi mata balansin maza-maza.

Ka durƙusa ka shafa tayar gaba da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓin jariri.

"Malam, Turancinka ya fi motarka gudu," ka ce. "Sitiyari na rawa a hannunka?"

"A'a, Baba."

"To maganin rawa shi ne balansin. Wannan ƙafafunta ne suka karkace, alaimen take so. Kawo hannunka."

Ka kai hannuna can ciki inda ido ba ya kaiwa. Daga waje tayar kamar sabuwa, gefen ciki kuwa ya cinye sumul, har waya ta soke ni a yatsa. Na waiga na ga yaran suna dariya ta taga. 

Duk da haka na roƙe ka mu lallaɓa, lokaci na ƙurewa. Sai ka jefa mukullin a aljihu.

"Wanda ya makara yana da baɗi," ka ce, ba ka ƙara ba.

Ka canza tayar, ka ja zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ka daidaita su da ido. Muka isa ana shirin rufe ƙofa, dukansu suka rubuta.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka Inna da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi.

Ku kuma ɗalibaina, gobe kafin ku hau mota, ku durƙusa ku kai hannu gefen cikin tayar gaba. In kun ji santsi, kada ku hau, ko da kun makara.