Mutum Ɗayan da Ya Rasu a Hanyar Kebbe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 8 ga watan Yuni, 2024, da hantsi, saƙo ya shigo wayoyinmu: babur da motar itace sun yi karo a hanyar Kebbe, mutum ɗaya ya rasu. Na karanta, na ce Allah ya jiƙan musulmi, na koma kan wanke-wankena. Sai bayan azahar Innata, yayarka, ta kira ni. Ashe mutum ɗayan nan kai ne, Kawu Ɗanmaliki.

Har yau wannan "mutum ɗaya" yana ci mini rai, domin duk faɗin Tambuwal babu wanda ya ƙi jinin a ambaci mutuwar mutum babu suna kamarka.

Wanda bai san ka ba, bari in gaya masa. Kai ne mai gidan kallon nan na bayan tasha, mai rufin kwano da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ka yi shekaru kana zama gefen talabijin da lasifika a hannu, kana juya Turancin fim zuwa Hausa ana cikin kallo. Samari sun fi son tsofaffin finafinan leƙen asiri na Turawa, inda akta ke yawo da kwat da bindiga, ya shiga ƙasar mutane ba sallama, ya fita ba ban kwana. A irin finafinan nan baƙin mutum direba ne ko ɗan dako, aikinsa washe baki da rusunawa, kuma shi ake fara harbewa. Mace kuwa ado ce. Akta ya ɗauki wannan, ya yar, ya ɗauki waccan, ko sunanta ba ya tambaya.

Wata rana a wani fim aka harbe direban akta, wani baƙin mutum. Akta ya tsallake gawar, ya gyara wuyan rigarsa, ya saki barkwanci. Gidan kallo ya kece da dariya. Kai kuwa sai ka danna, hoto ya tsaya cak a kan fuskar mamacin.

Ka ce, "Wanga bawan Allah da anka kashe, mi sunanai?" Ka ce, "To tunda ba su ba shi suna ba, ni na ba shi. Aminullahi na, ɗan Fakku. Matatai na da ciki, uwatai na jiran shi kawo mata magani. Ku ci gaba da dariya."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Ɗanmaliki, saki fim! Kallo munka zo, ba zaman makoki ba." Ka saki, amma dariyar ba ta dawo ba. Tun daga ranar ya zama ɗabi'arka. Duk wanda aka kashe babu suna sai ka tsayar da fim ka raɗa masa, ka ba shi gari, ka faɗi wanda ke jiransa a gida. Mutanen Jabo sun sha mutuwa a bakinka har suka fara ƙorafi, suna cewa ka riƙa kashe na Kebbe su ma.

Ni a zaman mata na san aikinka. Kai ka buɗe mana gidan kallon duk Alhamis bayan la'asar, duk da surutun da aka yi ta yi. A nan na ga akta ya sharara wa wata mari, ba a jima ba sai ga ta a jikinsa tana murmushi. Ka tsayar, ka juyo gare mu.

Ka ce, "Ɗiyar wani ta fa. Cikinku wa anka mara tas so wanda yam mare ta?"

Baba Rukayya mai ƙosai ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ƙarya ta! Wanda yat tsara wanga abu ba a taɓa marinai ba." Matan nan suka ɗauki shewa. Ina yarinya a lokacin, amma a ranar na gane cewa abin da ke cikin talabijin mutum ne ya shirya shi, kuma ana iya ce masa ƙarya kake. Da wannan na girma, shi nake koya wa ɗalibaina mata a makaranta yanzu.

Halin nan ya ci maka kasuwa, ba na ɓoyewa. Samari suka koma wani gidan kallon da ba a tsayar da fim, daga baya waya ta zo ta kwashe sauran. 'Yan boko suka ce ka cika tsanani, ai fim ɗin da ne, haka zamaninsu yake. Ka ce fim ɗin na da ne, amma marin yau aka yi shi, a gaban 'ya'yanka. Dattawa kuma suka ce in abin bai da kyau ka daina nunawa mana. Ka ce ko ka rufe za su kalla a waya, inda babu mai dannawa ya tambaye su. Ba ka gamsar da kowa ba, kuma ba ka nemi ka gamsar ba. Ka ci gaba da fassara wa bencina rabi mutane rabi iska, da taurin kanka da duk dangi suka sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wurin zaman makoki, Kawu Malami, wanka, ya kira ni gefe, don ya ji zan yi rubutu. Ya ce, "Asma'u, ki ce manomi na, ki tsaya nan. Kada ki ambaci gidan kallo. A rufa ma mamaci asiri."

Kawu Malami, uba kake gare ni, ban taɓa ƙetare maganarka ba, kuma na san don ƙauna ka faɗa. Amma ka gafarce ni, wannan karon ba zan bi ba. Abin kunya ake rufewa, ni kuwa ban ga abin kunya a nan ba. Manoman gero sun cika ƙasar nan, Allah ya yi musu albarka, kuma shi ma ya yi noma. Amma wanda ya tsaya a gaban samari masu dariya ya ce baƙar fata mutum ne, mace 'yar wani ce, ya yi asarar kasuwarsa a kan haka bai janye ba, shi kaɗai na sani. In na share wannan daga tarihinsa, na tsallake gawarsa ke nan na gyara wuyan rigata.

Don haka yau ni zan danna. Duk wanda saƙon nan ya shigo wayarsa ya wuce, kamar yadda na wuce, ya dakata.

Mutum ɗayan da ya rasu a hanyar Kebbe sunansa Nasiruddeen, ana kiransa Ɗanmaliki. Ɗan Tambuwal ne, mai gidan kallo, mai fassara. Iri ya je saye don damina ta kama. A gida matarsa Batula ta rufe masa furarsa tana jira.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Nasiruddeen, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Batula, da 'ya'yansa Mudassir da Nasiha, da Innata, da Kawu Malami. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, a kuma kira mu da sunayenmu. Amin.