Tantan Mai Rariya

Duk wanda ya yi wayo a Kunduru a shekarun da suka biyo bayan babban fari ya san Labaran Direba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don bawan Allahn nan bai iya magana a hankali ba. Shekara shida ya yi yana kula da injin niƙa a Kankiya, ƙarar ta cinye masa kunnen hagu, shi kuma ya ɗauka kowa ma haka yake. Da ƙungiyar manoman garin ta samu tantan, wata 'yar jar motar noma mai garma biyu, ba a tsaya dogon shawara ba aka damƙa masa makulli.

Mutum ne mai tsabta da kafiya, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar camfi. In inji ya ƙi tashi aka ce hannu aka sa masa, sai ya yi tsaki ya ce abu uku kawai inji ya sani, wuta da mai da numfashi, duk abin da ya wuce wannan surutun mutane ne.

Matarsa Kulu kuwa in ba ka kasa kunne ba ba ka jin abin da ta faɗa. Shekararsu goma sha ɗaya tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin yana cin Labaran, amma ko sau ɗaya bai taɓa bari ta gani a fuskarsa ba. In dangi suka zo da shawarwarinsu, sai ya gyara zama ya juya musu kunnen hagu har su gaji su tafi.

Da rani ya kama, ya yanke danga ya shigar da tantan cikin gida, ƙarƙashin rumfar da randar Kulu take. Ya cire batir ya ajiye a ɗaki, ya samu tsumma ya ɗaure bakin dogon bututun da injin ke shaƙar iska da shi.

Ran wata Laraba aka yi ruwan shuka. Washegari da hantsi mutum ya fi talatin a ƙofar gidan Labaran, Baba Dabo shugaban ƙungiya yana gaba da sandarsa. Yawancinsu fari ya raba su da shanun huɗa, tantan ɗin nan kaɗai suka dogara da ita. In danshin ya wuce ba a yi huɗa ba, gyaɗar bana sai wani ikon Allah.

Labaran ya mayar da batir, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani, ya yi tari sau biyu, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Ya sake murɗawa, haka dai.

Ya fara da wuta. Ya kankare kan batir da wuƙa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure tam. Lafiya lau. Ya koma kan mai. Ya tsiyaye na ƙasan tanki ko ruwa ya kwanta, ya wanke matatar mai, ya sassauta noti yana bugun famfo da babban yatsa har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla. Ya murɗa makulli, tari biyu, shiru. Ta bayan danga kuwa shawara sai zuba take, wani ya ce a yi turare, wani ya ce a yayyafa rubutu a tayoyi. Labaran ya daka musu tsawar da ta kori kajin maƙwabta.

Har aka kira azahar. Saura numfashi, shi ma don cika ƙa'ida kawai, tunda da hannunsa ya rufe bututun. Da ya ɗaga kai sai ya ga babu tsumma. Da ya hau ya duba sai ga igiyar an naɗe ta tsaf an rataye a jikin madubi, aikin da akuya ba za ta iya ba. Ya leƙa ciki. Zanzaro ne ya yi gini, ɗaki kan ɗaki, ya liƙe bututun da laka ruf. Dariya ta ƙwace masa. Ya zaro doguwar sukudireba zai zura.

"Malam, kada ka hwasa."

Kulu ce tsaye a bakin randa da moɗa a hannu. Ya ce, "Ke, ai shi ne ya shaƙe ta! Wane marar aikin yi ya kwance mani tsumma?"

Ta ce, "Ni ce. Kwana ukku yana zagaye wurin da laka a baki, bai samu ƙohwa ba. Na ji tausayi nai."

"Tausayin ƙwaro? Kulu, kin kau san mutum nawa ke tsaye waje?"

Ta sunkuyar da kai ta faɗi wata magana. Ta gefen hagunsa take, bai ji ba. Ya sauko yana huci, ya juyo mata da kunnen dama.

Ta ce, "Wata ukku ke nan ban yi hwashin salla ba."

Tun yana yaro Labaran ya sha jin tsofaffin mata na cewa in zanzaro ya yi gini a gidan mace haihuwa ce ke tafe, wanda ya fasa ginin kuma ya fasa rabon. Ya sha yi wa maganar dariya. Ko a lokacin ma ya san laka ce kawai da ƙwaro. Amma ya dubi matarsa, ya tuna shekara goma sha ɗaya tana zuwa sunan 'ya'yan wasu ta dawo da fara'ar dole. Daga waje Baba Dabo ya ɗaga murya, "Labaran, rana na tahiya!"

Ya ajiye sukudireba ya ɗauki sifana. Ya kwance bututun gaba ɗaya daga gindi, ya sauko da shi a tsaye cikin lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ya ɗaure shi a jikin ginshiƙin rumfar, inda mai ginin zai same shi in ya dawo.

Daga nan ya yi wajen Sada Maƙeri da gudu. Kafin la'asar Sada ya yanka garwar kananzir ya naɗe ta ta zama bututu. Saura abin da zai tare ƙaiƙayi da ciyawa a bakinsa. Kulu ta shiga ɗaki ta fito da rariyar tankaɗenta, wadda ta zo da ita tun tana amarya, ta miƙa masa. Ya kife ta a kai ya ɗaure da waya. Murɗawa ɗaya tantan ta ɗauka, ƙofar gida ta kaure da kabbara.

Baba Dabo ya ƙare wa rariyar kallo ya ce, "Halan ba a iya goge na da ɗin a maida?" Labaran ya juya masa kunnen hagu ya sa giya.

Kwana tara ya yi yana huɗa, aka samu danshin. Tun daga ranar sunan motar ya koma Mai Rariya, har Bauranya da haka aka san ta. Bayan an gama kai dawa rumbu Kulu ta sauka, aka samu mace, aka sa mata Mairama. Ran suna Labaran ya yi ta gaisawa da mutane murya ƙasa-ƙasa kada ya tashi jaririya, har wasu suka tambaye shi ko ba shi da lafiya.

Bai taɓa sauka daga kan maganarsa ba. Har ya tsufa, in aka kawo zancen camfi sai ya yi tsaki ya lissafa wuta da mai da numfashi. Duk rani yakan ɗaure bakin bututun tantan da ƙulli biyu, ya gargaɗi kowa. Tsohon bututun kuma yana nan a jikin ginshiƙi, bakinsa a buɗe. Kulu ce ta lura cewa in zafi ya tsananta ƙasa ta bushe, kullum da safe in ya gama alwala yakan juye sauran ruwan butarsa a gindin randa, ya tsaya sai ya ga wurin ya yi laka, sannan ya fita.