Fuskar Ɗan Fari

Shekarar da mijina ya tafi aiki Saudiyya, a ƙauyenmu na kusa da Maigatari muka zauna ni da mahaifiyarsa, Inna. Idan ya kira ta bidiyo, fuskarsa takan daskare rabi, murya ta tsinke, wani lokacin ma wayar ta kama sabis ɗin Nijar. Ni dai ina da zuciyar da ke ƙarasa mini sauran fuskar. Inna kuwa yanar ido ce ke rufe mata gani, kullum duniya na ƙara yi mata hazo. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce tana son ganinsa.

Da kaka sai ga ma'aikata suna haƙa rami a gefen titin Gumel, suna binne wata baƙar igiya har gindin ƙarfen sabis. Inna, wadda ba ta fita, ta ce in raka ta kai musu ruwa.

"Samari, wannan igiyar ta ɗaure wane sa ce?"

Babbansu ya yi dariya, ya nuna mana guntunta. Silin gilashi ne kamar gashin jariri.

"Iya, haske ke gudu a ciki, ɗauke da murya da hoto. Akwai ma sabuwa, sili ɗaya amma hanyoyin haske da yawa, kowa da tasa, ba mai ture wani."

Ni har na tafi tunanin sonmu yana gudu ƙarƙashin gonakin gero. Inna ta katse ni.

"Za ta fara aiki kafin damina?"

"In Allah ya so."

"Ba don komai na tambaya ba," in ji ta.

Sai da aka yi shuka sannan hoto ya daidaita. Ranar da mijina ya kira da hantsi, Inna na tsintar wake a tsakar gida. Na jingina wayar a jikin turmi dab da ita, na ce tukunyata za ta ƙone. Daga madafa na hango ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ya gaishe ta, ta amsa kamar ga baƙo, amma ba ta ɗauke ido ba.

Can ta ɗaga murya.

"Ke 'yar nan! Zo ki gaya wa wancan ya rame. Ba su da tuwo a can ne?"