Man Addu'a a Fasfon Mama

Ƙanwata tana aure a Ingila, kuma tun cikinta yana ƙarami aka shirya cewa Mama za ta je ta yi mata zaman jego. An yi fasfo, an sha wahalar biza har ta fito, muka adana muna jiran watan haihuwa. Sai haihuwar ta zo kafin lokaci, kuma ta zo da gardama. Aka yi mata aiki aka ciro yaro lafiya lau, amma ita jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya biyo baya. Ina cikin aji ina koya wa yara lissafi mijinta ya kira ni, ya ce likitoci sun ce in akwai wani nata da zai zo, to ya zo yanzu. Na san abin da irin wannan magana take nufi. Ban gaya wa Mama duka ba, na dai ce mata an matso da tafiyar.

Mijin ƙanwata ne ya gyara tikiti daga can, amma ya ce akwai abin da ni zan yi, don shi yana asibiti, jariri a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Kamfanin jirgin yana son a shigar da bayanan fasinja a intanet kafin ranar tafiya: suna, ranar haihuwa, lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, domin jami'an tsaron can su bincika mutum tun bai taka jirgi ba.

"Anti, don Allah yadda yake a fasfo haka za ki rubuta," in ji shi. "In lamba ɗaya ta kauce za su iya hana ta hawa."

A lokacin wayar hannu ta riga ta shigo Lafia, har masu sayar da doya suna da ita, amma intanet sai ka je kafe, shagon da ake biya a hau kwamfuta. Da yammacin ranar matan zumunta na cocinmu suka cika mana gida a unguwar Bukan Sidi don yi wa Mama addu'ar tafiya. Ni ina bayan gida ina fama da tukunyar shinkafarsu, ina jin waƙa da tafi da amin mai ƙarfi, har ina jin daɗi a raina cewa Mama tana da mutane. Da safe ta miƙo mini fasfon a naɗe cikin farin hankici, a cikin leda, ta ce in riƙe da kyau. Na jefa a jaka na hau okada zuwa wani kafe da ke titin Jos.

Janareto na ƙara a waje, fanka na juya zafi a ciki. Na sami kwamfuta kusa da taga, na buɗe shafin kamfanin, na jira ya gama hawa da kyar. Ina warware hankicin wani ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin da duk wanda ya tashi a coci ya sani, na man zaitun da ake shafa wa marasa lafiya. Na buɗe shafin hoto. Takardar ta jiƙe da mai, ta koma kamar wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki. Man ya bi ta gefe ya shiga ƙarƙashin robar da ta rufe hoton, kusurwa ɗaya ta ɗago, rabin fuskar Mama ya yi duhu. Lambar fasfon kuwa, tsakiyarta ta dushe, ba ka iya rantsewa a kan abin da kake gani.

Wani mutum mai ƙaton tumbi da ke kwamfutar kusa da ni ya leƙo, ba wanda ya gayyace shi.

"Madam, wannan fasfo ya sha mai fa," ya ce. "In bature ya gani zai ce an cire hoto ne an sa wani. Na wahala bi dat o. Kulle mutum suna yi."

Na harare shi. Zufa ta karyo mini har tana ɗiga a kan madannai. Na ga Mama a wani ɗaki a ƙasar da ba ta san kowa ba, ana yi mata tambaya da Turancin hanci, tana kallon bakinsu. Na ga kuma jirgi ya tashi babu ita, ƙanwata tana can tana kallon ƙofa.

Ban san me ya sa na ɗaga fasfon wajen hasken taga ba, wataƙila don in ga iyakar ɓarnar. A nan na lura an huda lambar da ƙananan ramuka a saman sauran shafukan, haske yana ratsa su. Na karanta ta a hankali, na gwada da wadda ke jikin biza, suka zo ɗaya. Da yatsa ɗaya na riƙa dannawa, ni da nake yi wa yara tsawa in sun yi nawa wajen rubutu. Da na zo ranar haihuwa ma sai da na tsaya, domin Mama ba ta san ranar ba, abin da ta sani dai an haife ta a Keana lokacin da mata suka fara dafa gishiri. Ranar da ke fasfo wani ne ya zaɓa mata a ofis. Na kwafe ta yadda take. Na duba, na sake dubawa, har mai tumbin ya ce in ban danna ba wuta za ta ɗauke in fara daga farko. Na rufe ido na danna. Shafin ya karɓa, amma hankalina bai kwanta ba ko kaɗan, domin kwamfuta ba ta ganin mai.

Na tarar da Mama a tsakar gida tana ɗaure daddawa da yaji da kanwar kunun jego a ƙananan ledoji. Ban ko gaishe ta ba na buɗe mata shafin a gaban idonta.

"Mama, mene ne wannan?"

Ta duba, ta ci gaba da ɗaurinta. "Man addu'a ne. Kowa ya sa yatsa ya taɓa. Wani tsohuwa a cikinsu hannunsa yana rawa, sai kwalba ya ɗan zuba."

"Ya ɗan zuba? Ba ga kanki ba, ba ga ƙafarki ba, sai fasfo?"

"Shebi shi ne zai buɗe hanya? To shi za a shafa wa."

Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, kuma ranar tsoro ne ya ƙara masa wuta. Na ce mata sun kashe tafiyar da hannunsu, na ce mata da ita da matan zumuntarta babu mai tunanin gobe. Kafin in kama bakina na ce 'yarta tana can kwance rai a hannun Allah, ita tana nan tana wasa da mai.

Mama ta ajiye ledar da ke hannunta.

"Kina tsammani ban sani ba?" ta ce. "Tun jiya kina tafiya kamar an zare miki laka. Yaron nan ya kira ki, bai ce a ba ni waya ba. Me ya sa na tara mata?"

Na zauna a kan turmi na yi kuka, ita kuwa ta ɗauki ledarta ta ci gaba.

Sabon fasfo ba abin da za a samu kafin tafiyar ba ne, kuma ko an samu, bizar tana jikin wannan. Wata maƙwabciya ta ce a goga da dutsen guga, na ce ta rufa mini asiri. Abin da na sani shi na yi: na daka allin makaranta ya yi laushi, na barbaɗa tsakanin shafukan, na danne da tulin littattafan yara. Allin ya tsotse na sama, amma wanda ya shiga ƙarƙashin roba yana nan daram, kusurwar kuma ta ƙi kwanciya. Na yi ta danna ta da babban yatsa tana sake ɗagowa.

A mota, daga Lafia har muka wuce Akwanga, ina koya wa Mama abin da za ta ce. Na ce in an tambaye ta, ta ce man shafawa ne ya zube a jaka. Gani nake in ta ambaci addu'a za su ɗauke ta wata iri, su ƙara tsananta bincike.

"Ba zan yi ƙarya a kan abin Ubangiji ba," ta ce. "Ina zuwa roƙonsa rai, in fara da ƙarya?"

Na roƙe ta, na yi mata faɗa ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji, ta juya kai tana kallon gonakin doya.

Muka kwana gidan wani ɗan'uwa a Abuja, da sassafe muka nufi filin jirgi. Masu tsaron ƙofa sun bar ni na shiga da ita saboda na ce ba ta jin Turanci. Kafin a kai ga masu auna kaya akwai wata mata sanye da kayan aiki, tsaye a bayan ɗan tebur, tana karɓar fasfon kowa tana yin tambayoyi. Ina kallon yadda take juya na mutane, tana dubansu tana duban hoto. Da layi ya zo kanmu ta buɗe, ta tsaya. Ta sa farce ta taɓa kusurwar nan. Ta kai fasfon hancinta.

"Me ya sami wannan?" ta tambaya da Turanci.

Na buɗe baki, amma Mama ta gane tambayar daga fuskar matar, ta riga ni.

"Man addu'a ne, 'yata. Yarinyana ba lafiya a can. Mata sun yi addu'a, mai ya zuba."

Ban san ko matar tana jin Hausa ba. Ta dube ni, na fassara mata yadda Mama ta faɗa, don babu sauran wata hanya. Ta ce mu koma gefe, ta tafi da fasfon ta shiga wata ƙofa.

Wannan tsayuwar ban taɓa yin irinta ba. Mutanen da ke bayanmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna satar kallonmu. Mama tana tsaye da jakarta a ƙirji, leɓɓanta suna motsi.

Matar ta dawo tare da wani mutum mai furfura. Ya haska shafin da wata 'yar fitila, ya duba ramukan lambar, ya duba bizar, sannan ya karanta abin da na shigar a kwamfutarsu yana bi da yatsa. Komai ya zo daidai. Ya ce hoton ba a taɓa shi ba, za su bar ta ta hau. Har na fara sauke numfashi sai ya ƙara da cewa su nasu ke nan, amma na can su ke da maganar ƙarshe, in sun ga dama za su iya juyo da ita a jirgi na gaba.

Ban fassara wa Mama wannan ba. Na raka ta har inda aka tsayar da ni, na ga bayanta tana tafiya a hankali cikin zanen zumunta, matar da ba ta taɓa wuce Jos ba. Ba ta waiwayo ba.

Na kama hanyar Lafia da waya a tafin hannu. Duk inda sabis ya ɗauke a hanya sai in ji kamar numfashina ne ya ɗauke. Na isa gida, na zauna a ƙofar ɗakin Mama, ban cire ko takalmi ba. Wajen la'asar mijin ƙanwata ya kira ya ce jirgi ya sauka, mutane suna ta fitowa, bai gan ta ba. Ya sake kira ya ce an daina fitowa. Daga nan wayar ta yi shiru. Maƙwabta suna shigowa tambaya, ina amsa musu da kai kawai.

Rana ta faɗi, ana kunna fitilu, sannan wayar ta yi ƙara. Muryar Mama ce, daga nesa, tana ihu yadda ta saba yi a waya.

"Mama! Sun bar ki? Me suka ce? Sun tsare ki?"

"Sun tsare ni kaɗan, sun bar ni. Bar wannan magana." Sai muryarta ta karye, abin da ban taɓa ji ba tunda nake da ita. "Ina asibiti. Yarinyan nan ya ƙare, ƙashi ne kawai. Na riƙe hannunsa na kira shi, na kira shi."

Na manna wayar a kunne ina jin wani abu yana ƙara tit, tit a bayanta.

"Ya buɗe ido," Mama ta ce. "Ya ce, Mama kin zo? Na ce na zo. To ki ajiye waya, ina da aiki."