Wilin da Malam Barau ya rage wa ji

Malam Barau mai gyaran keke a Daudawa ba ya shan ruwa da zarar an miƙo masa. Sai ya ajiye kwanon a ƙasa, ya zuba masa ido har ruwan ya kwanta, kana ya ɗauka. Mutane sun ɗauka natsuwa ce ta manya. Wataƙila haka ne.

A shekarun da kuɗin fetur suka buɗe ƙofofi, ɗansa na fari, Almu, ya sami shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Da yake ɗan fari ne, Malam Barau bai taɓa kiran sunansa ba, ba su kuma haɗa ido. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin Bilki take bi, ƙanwar Malam.

Da Almu ya zo hutun kaka, Bilki ta sami yayanta a zaure.

"Yaya, ɗan naka hwa sau biyu yana faɗuwa gwaji. Wai akwai wani ɗan wili a gefen kujera, shi ke daidaita hancin jirgi. In ya murza sai hancin ya yi ƙasa kamar jaki ya ga harawa. An ce hannunsa nauyi gare shi."

"Sai kuma mi?"

"In ya koma, shi kaɗai zai tashi. Ba malami a gefe."

Ranar Malam Barau bai ci tuwo ba.

Kwana huɗu yana aiki. Ya kifa turmi, ya ɗora dogon katako a kai, ya kafa kujera a tsakiya. Ya ɗauko wilin tsohon keken ɗinki, ya haɗa shi da sarƙar keke, yadda in an murza zai ja buhun yashi gaba ko baya. A bakin katakon ya ajiye kwanon ruwa.

"Yaya, turmin daka ne zai kai mu Makka?" in ji Bilki. "To a ajiye mini kujerar taga."

Almu ya hau. Ya taɓa wilin da ɗan yatsa kawai, katako ya kifa, ruwa ya watse. Malam Barau ya tsuguna ya duba sarƙar. Ya ga kamar abin da ya haɗa ne ya cika ji, don haka ya sake masa haƙoran sarƙa, ya rage masa kaifi, har sai an juya wilin sau uku cur kafin buhun ya gusa. Almu ya sake hawa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi ƙasa. Kwana goma yana juya wilin nan sau uku-uku a gaban ubansa, ruwa bai ƙara zuba ba. Sannan ya koma Zariya.

Ranar Talata jirgin feshin auduga ya sauka a filin bayan gari. Malam Barau ya kai wa makanikin jirgin famfon iska, ya roƙe shi ya bar shi ya leƙa ciki. Ga wilin nan a gefen kujera. Ya kai hannu zai juya yadda ya saba, makanikin ya cafke shi.

"Kai, Baba! Wannan da ɗan yatsa ake lallaɓa shi. Ka juya shi haka a sama, ai sai a tono ka."

Malam Barau ya janye hannunsa. Ashe haɗin farko shi ne daidai. Da hannunsa ya koya wa ɗansa juyi uku. Ranar Alhamis kuma ɗan zai tashi shi kaɗai.

Ya bi motar auduga zuwa Funtuwa, ya kwana a tasha, ya isa Zariya Alhamis da hantsi. Bai shiga makarantar ba. Wa zai ce yana nema, shi da bai iya furta sunan? Ya tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin jirgin. Wani ƙaramin jirgi ya tashi, ya yi kwana. Sai hancinsa ya duƙa. Ya ɗago da ƙarfi, ya sake duƙawa, har ya kusa kan itatuwa. Malam Barau ya riƙe wayar har ta yanke masa tafin hannu. Can jirgin ya miƙe, ya zagayo a hankali, ya sauka. Wanda ya fito, daga tafiyarsa ya gane shi. Ya juya ya nemi motar gida.

Da Sallah Almu ya faɗa wa Bilki cewa hannunsa ne ya juya kafin hankalinsa. "Sai na ɗauke hannun, Goggo, na jira kamar ana jiran ruwan kwano ya kwanta."

Bilki ta kai maganar zaure. Malam Barau ya ce to.

Ya ɗauko magagari ya fara fiƙe sababbin haƙora a jikin wani ƙarfe, don wilin ya ji kamar na gaske. Amma duk sa'ad da ƙarar jirgi ta wuce, sai ya ajiye magagarin, ya yi kwanaki bai koma ba. Ya sha cewa zai aiki Bilki ta tambayo masa iyakar murzawar. Har ya rasu bai aike ta ba. Ƙarfen yana nan a kan turmin, saura haƙora huɗu.