Na Kashe Aya-aya, Wani Ya Ci Latas

Ni dai ba malami ba ne. Karatun allona ya tsaya daidai inda bulala ta fara yawa, boko kuwa sai da gemu ya fito sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, inda na fi ƙwarewa wajen ba mutane dariya. In kun ga rubutuna yana tafiya kamar jakin da ya hango gida, ku yi haƙuri. Abin da na sani shi ne ƙasa da ruwa. Shi ɗin ma za ku ji irin sanin da na yi masa.

A shekarun da ake ta zancen Turawa sun kusa tafiya, ina da lambu a bayan Fagge, gefen rafin da ke kwashe ruwan gari. Na ce ina da shi, bakina ne ya yi sauri. Aro ne. Ƙasar ta wani Alhaji ce, attajirin goro, ya yanka ta ya raba wa masu lambu. Ba ya karɓar komai sai kwandon farko na abin da ka shuka. Amma yana da ƙa'ida wadda ko jaririn unguwar ya sani. In damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa, yakan fito da laimarsa ya zagaya, duk wurin da ya gani babu kore sai ya karɓe ya ba wani, don masu jira suna da yawa. Sannan mai aro ba ya tunkarar Alhaji da magana. Wanda ya kai ka ranar farko ya tsaya maka, shi ne bakinka har ka bar wurin.

Nawa bakin shi ne maƙwabcina a lambun. Ya girme ni, ina ce masa Yaya, ko da yake ba mu haɗa komai ba sai rijiya ɗaya da jigon da muke jan ruwa da shi. Shi ya koya mini yanka fangali, wato 'yan kwamin nan da ake zuba wa ruwa. Shi ya raba goron aurena. Akushi ɗaya muke ci da rana, kuma in gaskiya ake so, ni na fi shi saurin hannu.

Abokiyar gabata a lambun nan ita ce aya-aya. Ciyawa ce siririya, tana da 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa kamar aya, sai dai ɗaci. Ka nome ta da safe, kafin ka yi sallar La'asar ta leƙo tana gaishe ka. Ka tuge ɗaya, ka bar mata 'ya'ya a ƙasa suna jiran gado. Yankin Yaya tudu ne, ba ta dame shi ba, amma ƙasarsa ba ta da ƙarfi. Nawa baƙar ƙasa ce mai kyau, ni da aya-aya duka muna son ta. Latas nake shukawa, in ɗauka a ka zuwa kasuwar Sabon Gari, inda masu dafa wa Turawa da Kwarori 'yan Labanan abinci suke saye. Su kuwa in sun ga latas ya tsumbure, ko kallonka ba sa yi.

A kasuwar akwai wani dattijon Bayarabe mai sayar da irin kayan lambu, ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi tawa tsafta. Wata rana ina yi masa ƙorafi, sai ya ja ni cikin shagon ya nuna mini garwar magani guda biyu, ja da baƙa.

"Malam, wannan jar ta tsutsar ƙasa ce. Ciyawa kuwa tana ɗan razana ta kawai, amma da wuri kake shuka. Wannan baƙar ba ta barin kowa. Aya-aya, kiri-kiri, tsutsa, duk tafiya ɗaya. Sai dai tana son haƙuri. Ka zuba, ka rufe ƙasa, ka jira har warin ya fita sarai. In ka yi gaggawa, latas ɗinka ma ya bi su."

"Baba, to yaya zan san ya fita?"

"Ɗebi ƙasar ka sa a kwalba da 'yan ƙwayoyin latas, ka toshe. In sun tsiro, bismillah. In ba su tsiro ba, koma ka zauna." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ko kuma ka yi irin na iyayenka, ka tara kara a kan fangali ka cinna wuta. Kai da na sani ba ka iya zama wuri ɗaya, wannan ya fi dacewa da kai."

Wutar kara na sha yi. Tana ƙone na sama, na ƙasa kuwa ɗumi kawai suke ji. Na dawo lambu na zayyana wa Yaya komai, ban rage ko ƙwaya ba, har da zancen jira. Ya daɗe yana kallon yankina, yana sakace.

"Ƙanena, me za ka yi da maganin da ke razana ciyawa? Ai ko tsawa ka yi mata ta razana. Ɗauki baƙar, ka huta gaba ɗaya."

"Yaya, zagayen Alhaji fa? In ya zo bai ga kore ba?"

"Ni mene ne amfanina? Bakina ciwo yake yi?"

Na ɗauki baƙar. Da ruwa ya fara ja baya na kama aiki. In soka sanda in yi rami, in zuba da ludayi, in danne da dunduniya, in matsa gaba. Warin kamar an dafa ruɓaɓɓen ƙwai a kananzir. Idona ya yi ja, hanci yana zuba, kwaɗi suka kwashi iyalansu suka yi hijira. Na bi masu ɗinkin buhun gyaɗa na roƙo tsofaffin buhuna, na jiƙa su, na lulluɓe lambun kaf. Yaya ma ya kama mini shimfiɗa, har yana nuna mini inda na bari a buɗe.

Masu lambu suka samu abin yi. Wani in zai wuce sai ya cire hula ya ce, "Ashe rasuwa aka yi? Allah ya ji ƙan latas." Wani ya ce, "Lambun naka takaba ya shiga? Yaushe za a fita?" Ni kuma da ba a fi ni baki ba, in ce, "Ku dai ku ci gaba da yi wa aya-aya ruku'u, ni na 'yantu."

Kowa ya yi dashe, wurare suka yi kore, nawa yana kwance cikin buhu. Kwalbar farko ba ta tsiro ba. Ta biyu ma haka. Na rataye ta uku a jikin jigo, kullum in duba, Yaya ma in ya zo jan ruwa ya ɗaga ta ya kalla a rana. Hankalina ya fara tashi.

"Yaya, ka dai faɗa wa Alhaji?"

"Tun yaushe! Har dariya ya yi, ya ce yaran zamani."

Na koma na miƙe ƙafa a gindin mangwaro.

Ranar da Alhaji ya fito zagaye, ranar ce na ga 'yan fararen tsiro a cikin kwalba, ƙanana kamar haƙoran jariri. Na ciro ta na riƙe, ina murna zan nuna. Alhaji ya iso da laimarsa, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tsaya a kan buhunan. Ya sa sandarsa ya ɗaga ɗaya, ragowar warin da ya maƙale a buhun ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci da hannun riga. Daga yadda ya yi na gane ba a taɓa faɗa masa komai ba.

Bai dube ni ba. Sai ya dubi Yaya, ya ce: "Wannan kuma mene ne?"

Yaya ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. "Ranka ya daɗe, na yi faɗa har na gaji. Wani abu ya samo a Sabon Gari ya binne. Ka ga ko kwaɗo ba ya zama. Yaro ne, ba ya jin magana."

Na ɗaga kwalbar. "Alhaji, ranka ya daɗe, ai ga shi..."

"Kai!" in ji Alhaji. "Ba ka da babba ne a nan?"

Mutum mai surutu irina, wanda aka taɓa kora daga zaman makoki saboda ba da dariya, ga ni durƙushe da kwalba a hannu kamar mai tallar turare, baki ya mutu.

"Na ba ku ƙasa ku ci abinci, ku kashe mini ita? To wa zai karɓi mataccen wuri yanzu?"

Yaya ya yi ajiyar zuciya. "Tunda ni na kawo shi, laifina ne. A bar mini, in yi jinyarta, ko Allah zai sa ta farfaɗo."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Alhaji, ya wuce.

Da ya yi nisa na miƙe. "Yaya, ba kai ka ce in ɗauki baƙar ba?"

"Na ce. Ƙarya na yi maka? Aya-aya ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Ka ce ka faɗa masa."

Ya kama igiyar jigo ya saki guga a rijiya. "Ƙanena, iyalina sun fi naka yawa, tuduna kuwa ka san shi. Kai yaro ne, ka samu wani wurin." Ya jawo ruwan ya juye. "Buhunan nan, za ka kwashe ne ko in kwashe maka?"

Ni na kwashe. Har da kaɗe su.

Wani wurin kuwa ban samu ba. Aro sai da mai tsaya maka, kuma labari ya riga ya zagaya fadamar cewa ni ne mai kashe ƙasa. Duk wanda na je wa sai ya yi dariya ya ce, "A'a, tawa tana da sauran kwana." Na koma Sabon Gari ina sarin kayan wasu ina kasawa a bakin hanya. Da na saba, har na fi masu lambun iya yabon latas, don ƙarya ba ta yi mini wuya.

Shekarar nan ba a ga latas irin na Yaya a kasuwa ba. Ganye faffaɗa, kai kamar rawanin alƙali. Masu dafa abinci suna rububinsa tun kafin ya sauke kwando. In ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙanena, ya kasuwa?" Ni kuma bakina, wanda ya ƙi buɗewa ranar da ake bukatarsa, ya amsa da kansa, "Lafiya lau, Yaya."

Wata rana dattijon Bayaraben ya kira ni. "Malam, mutane suna ta zuwa wai in ba su irin maganin da Yayanka ya zuba. Mutumin nan yana da basira! Kai fa, ka gwada naka kuwa?"

Na ce, "Na gwada, Baba. Ya yi aiki ƙwarai."

Yanzu wurin duk gidaje ne, rijiyar ma an cike ta. Alhaji da Yaya sun riga mu gidan gaskiya. Na je jana'izar Yaya, na yi masa addu'a daidai gwargwado, ban ƙara ba. Kwanan baya na bi ta wajen da sandata, sai na ga aya-aya ta fasa gindin wata katangar siminti ta leƙo, daidai inda fangalina na farko yake. Na tsaya na yi mata sannu. Masu wucewa suka ɗauka tsufa ne ya taɓa ni. Ita dai tun farko a gabana take cin lambuna, ido da ido, kuma ba ta taɓa sa hannu a akushina ba.