Shirin da Aka Ce Mu Jingine

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida a jami'a a Keffi, aka ba kowannenmu aikin kammala karatu: shirin minti goma sha biyar da za a sa a rediyon makaranta. Ni a lokacin burina talabijin ne. Na gama ganin kaina a Abuja, na kashe ɗauri ina karanta labarai. Rediyo kuwa, gani nake aikin waɗanda kyamara ba ta karɓi fuskarsu ba ne.

Na zaɓi batun filaye, don shi ne a bakin kowa. Tsadar haya tana ta koro ma'aikata daga Abuja, gonaki kuma suna ta komawa fuloti. Na je wani ƙauye a kan hanyar Panda inda aka sayar da wata babbar gona. Na fara da gidan mai unguwa kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, ya tara mini maza a ƙofar gida, kowa ya ce an yi ciniki lafiya. Na dawo ina jin kaina ƙwararriya.

Malamata, wadda ita ce mai kula da rediyon, ta saurari abin da na naɗo har ƙarshe, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ƙauyen nan babu mata ne?"

Na ce, "Ma, ai maza ne masu gonar."

"Gonar ce kaɗai a wurin? Koma ki tambaya."

Na koma a kan acaɓa ina ƙunƙuni tun daga Keffi. A bayan gari na tarar da wata tsohuwa 'yar Gwandara tana shanya kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa da ake daddawa da su. Ita ta buɗe mini ido. Ashe a ƙauyensu ƙasa ta maza ce, amma itatuwan ɗorawa na mata ne, uwar miji ke bar wa matar ɗanta. Itace tara ne a gonar da aka sayar, kuma babu wanda ya tambayi masu su.

Ta ce, "'Yata, sun sayar da ƙasarsu, ban ce komai ba. Amma ɗorawan nan uwar mijina ta ɗora hannuna a kai. Da su na yi wa yarana makaranta. An ce katafila za ta zo mako mai zuwa. Ni ban san wa zan gaya wa ba."

Kunya ta kama ni. Ni mace, na zo garin na ji maza na tafi.

Dokar malamata ita ce, ba a sa shiri sai an ji ɗaya ɓangaren. Don haka na nemi dillalin da ya yi cinikin, na gaya masa tun farko rikoda a kunne take. Da ya ji tambayata sai ya haɗe rai.

"Ke 'yar wa ce? Kashe abin nan! In kina son ki gama makaranta lafiya, ki fita harkar manya."

Bai tsaya nan ba. Washegari sai ga motarsa a gaban sashenmu. Bayan ya fito daga ofishin shugaban sashe, shugaban ya kira mu, ni da malamata. Ba mugun mutum ba ne, tsoron rigima ne ya yi masa yawa. Ya ce a jingine shirin sai bayan jarrabawa.

Na ce, "Yallaɓai, ai kafin nan an sare itatuwan. Ihu bayan hari ke nan."

Ya ce, "Na gama magana."

A waje malamata ta tsayar da ni. Ta ce, "Akwai ƙarya a shirin nan?" Na ce babu. "Kin ba mutumin damar ya kare kansa?" Na ce na ba shi, abin da ya faɗa ma yana ciki.

Ta ce, "To ni zan sa hannu a watsa. Amma ki sani, shugaba yana cikin masu ba ki maki. Ba zan tilasta miki ba."

Gaskiya na ji tsoro, ba kaɗan ba. Na kira mahaifina ina neman wanda zai ƙarfafa ni, sai ya ce, "Ke dai ki karɓo takardarki ki dawo mana. Ɗorawa ta ubanki ce?" Na kashe waya raina a ɓace. Ina jin wannan tambayar ce ta ƙarasa tunzura ni, don taurin kaina daga wurinsa na gada.

Ranar Asabar da safe muka sa shirin. Ni na gabatar da shi, ina ta tuntuɓe a kan kalmomi. Amma muryar tsohuwa ta fita tas, haka ma ta dillali da barazanarsa.

Cikin waɗanda suka ji akwai wani ma'aikaci da ke zaune a Jigwada yana zuwa aiki Abuja kullum. Ashe ƙungiyarsu ce ta sayi filin, kuma ba su taɓa jin zancen itatuwa ba. Suka je ƙauyen da kansu, suka zauna da matan. Itatuwa huɗu sun faɗa tsakiyar inda za a yi gini, aka sare su, kuma har yau abin yana min ciwo. Biyar aka ja katanga baya aka bar su a waje.

Mu kuma muka sha namu. Aka cire malamata daga kula da rediyo. Ni aka ba ni maki mafi ƙanƙanta da za a iya ba mutum ya wuce, aka rubuta wai ban bi umarni ba. Bayan wasu watanni malamata ta tura shirin gasar ɗaliban jarida, ya zo na ɗaya. A hoton da aka ɗauka, shugaban sashe ne a tsakiya riƙe da kyautar yana murmushi. Ni rabin fuskata ce kawai ta fito.

Makin nan yana nan a takardata, kuma ban taɓa neman a gyara shi ba. Duk inda na je neman aiki aka tambaye ni yaya aka yi, gyara zama nake in ba da labarin daga farko. Wasu sun ɗauke ni, wasu sun ga alamar fitina sun sallame ni, ban kuma yi nadama ba.

Abin da na koya shi ne, ba kasafai babba ke ce maka kada ka faɗi gaskiya ba. Cewa yake ka bari tukuna. Shi ya sa har yau, in edita ya ce mini a jingine labari, ba na gardama da shi. Tambaya ɗaya nake yi: yaushe katafila za ta zo?